Tsari da Rashin Tsari a Furotin Masu Isar da Saƙon Garkuwar Jiki

Duk uwar da ta yi jinyar ƙyanda a Mahuta ta san cewa bushewar ƙuraje ba ita ce warkewa ba. Sau da yawa zawo ko ciwon haƙarƙari na biye. Binciken da Hilton Whittle da Brian Greenwood suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a shekarun 1970 ya nuna cewa ƙyanda tana raunana garkuwar jikin yaro. Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne duba wani gefe na dalilin haka.

A da, an ɗauka furotin ba ya aiki sai ya naɗe ya sami tabbatacciyar siffa, kamar mabuɗi da kwado. A 1999 Peter Wright da Jane Dyson suka yi kira da a sake lale, domin akwai furotin da yawa masu sassan da ke lilo kamar zaren da ba a saƙa ba, kuma da lilon suke aiki.

Mu ɗauki fararen ƙwayoyin jini da ake kira T. Mai karɓar saƙo da ke jikin fatarsu yana da wutsiya ta ciki, watau zeta, wadda ba ta da siffa tsayayya. Idan aka gane baƙo, sai Lck ya liƙa mata fosfet a wasu gurabe, sannan ZAP-70, wanda shi naɗaɗɗe ne, ya kama waɗannan gurabe ya miƙa saƙon gaba. Da wutsiyar a dunƙule take, da isa ga guraben ya yi wuya. Saboda haka a ganinmu sunan "rashin tsari" bai yi mata adalci ba.

To, ƙwayar ƙyanda ma ta san wannan hanya. Furotin ɗinta mai suna V yana da dogon sashe sakakke da gajeren sashe naɗaɗɗe. Yana tare STAT1 da STAT2, waɗanda ke kai umarnin intaferon cikin cibiyar ƙwayar halitta, sai umarnin ya maƙale a hanya. Ba wannan kaɗai ne dalilin raunin ba, don ƙyanda tana kuma halaka ƙwayoyin da ke tuna cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa. Wahalar masu haɗa magani ita ce, sashe sakakke ba shi da ramin da magani zai zauna a ciki, kuma ƙyanda har yau ba ta da takamaiman magani sai rigakafi.