Yadda Ake Ɗaukar Hoton Koren Ƙuda Domin Gane Nau'insa

Da zarar damina ta kankama, malamin gona zai fara jin koken makiyaya game da tsutsa a cibiyar ɗan maraƙi, ko a mikin da kaska ta bari, ko a inda aka yi wa bunsuru fiɗiya. Galibi akan ce aikin koren ƙuda ne, a zuba magani a wuce. Amma ka sani cewa koren ƙuda iri-iri ne, kuma ɓarnarsu ta bambanta ƙwarai.

Yawancin waɗanda kake gani a kwata, a kan mushe ko a kan kifin da aka shanya, ruɓaɓɓen nama suke bi. A cikinsu akwai Chrysomya megacephala da Chrysomya albiceps da Chrysomya putoria. Wanda ya fi haɗari shi ne Chrysomya bezziana, domin tsutsarsa ba ta rayuwa sai a naman dabba mai rai. Macen tana zuba ƙwai fiye da ɗari a bakin rauni, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya, tsutsotsin su yi ta nutsawa cikin tsoka har kwana 5 zuwa 7 kafin su faɗo ƙasa. Takwaransa na nahiyar Amurka, Cochliomyia hominivorax, ya ɓulla a Libiya a 1988, kuma sai a 1991 aka shawo kansa, bayan an yi ta sakin miliyoyin ƙudajen da aka mayar bakarare daga jiragen sama. Saboda haka sanin wane ƙuda ne ya shiga garke ya shafi kowa, har da hukuma.

A yau kusan kowane malamin gona yana da waya mai ɗaukar hoto, kuma hotuna suna iso mana da yawa. Abin takaici shi ne akasarinsu an ɗauke su daga nesa, ƙudan na bisa dabba, ba a ganin komai sai ɗan koren ɗigo. Launi kaɗai ba ya raba waɗannan ƙudaje.

Idan ka kama ƙuda da raga, ka sa shi a kwalba, ka ajiye a firiza kamar awa ɗaya ya mutu. Kada ka tsoma shi a ruwa ko sifirit kafin hoto, don gashinsa zai kwanta, launinsa kuma ya sauya. Ka ɗora shi a kan farar takarda, rula a gefensa, a inuwa mai haske, ba tare da kunna fitilar waya ba. Hoto uku ake bukata: ta sama, ta gefe, da ta fuska.

Hoton sama yana nuna ciki da fukafukai. Jinsin Chrysomya na da baƙaƙen layuka da suka gitta ciki, yayin da jinsin Lucilia ba shi da su. Lucilia cuprina, mai addabar tumaki, yakan yi ƙyalli kamar jan ƙarfe. In ka ga gaban fiffike ya yi duhu tun daga gindi, to alama ce ta Chrysomya marginalis, mai bin mushe.

Hoton gefe shi ne mafi daraja, a nan ya kamata ka ɓata lokacinka. A gefen ƙirji, dab da bayan kai, akwai 'yar kafar numfashi. A jikin albiceps da putoria fara ce. A jikin megacephala da bezziana kuwa mai duhu ce. Waɗannan biyu na ƙarshe sun yi kama matuƙa, sai a duba ɗan leɓen da ke gindin fiffike: na bezziana fari ne, na megacephala kuma ya yi dusu-dusu kamar hayaƙi ya taɓa shi. Idan wayarka ba ta kama waɗannan wurare, ka kara madubin ƙara girma a gaban idon kyamarar, ka tsayar da hannunka a kan tebur.

Sai dai a ganina tsutsa ta fi baligin ƙuda amfani, domin bezziana ba ya cika zuwa tarkon ruɓaɓɓen nama, kuma ƙudan da ka kama a bakin miki wataƙila baƙo ne da ya zo daga baya. Ka ciro tsutsa kamar goma da hantsaki daga can ƙuryar raunin, ban da na sama-sama. Ka zuba su a ruwan da ya kusa tafasa na rabin minti don su miƙe, ka ɗauki hotonsu kusa da rula, sannan ka adana su a sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Tsutsar albiceps tana da tsiro-tsiro a jiki kamar gashi. Ta bezziana sumul take, da zobban ƙananan ƙayoyi kewaye da jikinta.

Hoto na iya nuna jinsi, wani lokaci har nau'i, amma tabbaci sai an sa samfurin a ƙarƙashin madubin likita. Don haka ka rubuta kwanan wata, ƙauye, ƙaramar hukuma, irin dabbar da inda raunin yake, da fensir a kan 'yar takarda, ka jefa cikin kwalbar. Tawadar biro sifirit na wanke ta. Ka miƙa wa likitan dabbobi na yankinka, shi zai aika ɗakin bincike irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom.

Kada ka jira sakamako kafin ka kula da dabbar. A ranar da ka ɗebi samfur, a cire sauran tsutsotsin a ƙone su, a wanke raunin, a sa maganin da likita ya rubuta, sannan a riƙa duba cibiyar jarirai da sauran garken kowace safiya.