Daga ina manhajar da ke cikin tarhonku ta fito?

Masu saurare da dama sun tambaye mu me ya sa ake rufe lambar masu GB WhatsApp. To, kamfanin WhatsApp bai san da ita ba. Wasu ne suka ɗauki ta asali suka sake mata fasali, shi ya sa babu ta a Play Store.

Play Store kamar kasuwa ce mai ƙofa da mai gadi. Google na binciken manhaja kafin ta shiga, kuma in an gano wata kafa da ɓarayi za su bi, gyaran yana iso muku ta can. Wadda aboki ya tura muku ta Xender, ko mai gyaran tarho ya zuba muku a kasuwa, ba ku san hannu nawa ta bi ba. Mun sani, tsadar mega ce ke kai mu ga haka.

Mai gadin ma yakan yi gyangyaɗi. Manhajojin bashi sun daɗe suna kwashe lambobin mutane kafin Google ya hana su a 2023. Don haka in manhajar tocila ta nemi ganin saƙonninku, ku ƙi, ko daga ina ta zo.