Tsaron 'Yan Makaranta: Su Wane Ne Ke Riƙe Da Amanar, Kuma Wane Aiki Suka Koya?

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauci

Cikin watan Nuwamba na shekarar 2025 Gwamnatin Jihar Bauci ta ba da umurni a rufe makarantun jihar, na Gwamnati da na kuɗi, saboda tsoron abin da ya faru a waɗansu jihohi. A cikin mako guda 'yan bindiga sun kwashe 'yan mata 25 a makarantar Maga ta Jihar Kebbi, inda suka harbe mataimakin firinsifal, sa'an nan suka sace ɗalibai da malamai wajen 300 a Papiri ta Jihar Neja. Iyaye suka yi ta tururuwa zuwa makarantun kwana don ɗauko 'ya'yansu da akwatunansu.

A irin wannan lokaci hankalin jama'a yakan koma kan soja da 'yan sanda. Amma akwai waɗansu ma'aikata iri biyu waɗanda amanar yaro ke hannunsu tun kafin a ji ƙarar bindiga da kuma bayan ta lafa. Na farko su ne shugabannin ilmi, daga hedimasta har Minista. Na biyu kuwa su ne masu gabatar da ƙara, watau waɗanda ke tsayawa gaban alƙali su tabbatar da laifi a kan wanda ya cuci ɗan makaranta. Ya kamata mai karatu ya san inda waɗannan mutane suka fito da irin horon da aka ba su.

Mutanen Bauci ba baƙi ba ne ga shugabancin malaman makaranta. Marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, bayan ya gama Kwalejin Katsina cikin 1933, a Midil ta Bauci ya yi koyarwa har ya zama hedimastanta. Cikin 1945 ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa, da ya komo aka ɗora shi kan aikin duba makarantu kafin siyasa ta ɗauke shi. Malam Aminu Kano ma ya koyar a wannan Midil, kuma shi ne jigon kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa cikin 1948. A zamaninsu wanda zai shugabanci makaranta sai ya sha alli, ya yi aikin kula da ɗakin kwana, ya san yaron da ba shi da lafiya da wanda ya tsallake shinge.

Amma fa makarantun wancan zamani kaɗan ne, ɗalibansu kuma ana iya ƙirga su. Da aka buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta cikin Satumba 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauci, sai makarantu suka yaɗu ƙauye-ƙauye, da yawa kuwa ba katanga ba maigadi. Ba wanda ya ga aibin haka a lokacin, domin ba a taɓa zaton makaranta za ta zama wurin kai hari ba.

Abin ya canza daga watan Yuli 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke, kuma a unguwar Dutsen Tanshi ta nan Bauci aka fara shi. Cikin Fabrairu 2014 aka kashe ɗalibai maza a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a Jihar Yobe, rahotanni suka ce su 59 ne. Ran 14 ga Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 a Cibok. Cikin watan nan dai aka ƙona gidajen malamai a makarantar 'yan mata ta Yana, cikin ƙasar Shira. A watan Nuwamba kuma bam ya tashi a filin taron safe na wata makarantar sakandare a Potiskum, garin da ba shi da nisa da iyakar jiharmu.

To, su wa suka riƙe Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya daga nan? Wata uku bayan Cibok aka naɗa Malam Ibrahim Shekarau, wanda malamin lissafi ne, ya yi firinsifal, ya yi Babban Sakatare, kafin ya zama Gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011. Bayansa sai ɗan jihar nan, Malam Adamu Adamu na Azare, wanda ya riƙe ma'aikatar daga 2015 zuwa 2023. Shi aikin akanta ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sa'an nan ya yi suna a aikin jarida. A zamaninsa aka yi satar Dapci cikin 2018, da ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, da ta Jangebe cikin Fabrairu 2021. A zamaninsa ne kuma aka fito da manufar ƙasa kan tsaron makarantu da hana cin zarafi a cikinsu, cikin 2021. Farfesa Tahir Mamman da ya gaje shi lauya ne, tsohon shugaban Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya. Cikin Oktoba 2024 aka miƙa ma'aikatar ga Dokta Tunji Alausa, likitan ƙoda.

Watau cikin shekara goma an ga malamin aji, da ɗan jarida, da lauya, da likita a kujera ɗaya. Wannan bai saɓa wa doka ba. Tsarin Mulkin 1999 ya ce abin da ake nema ga Minista shi ne ya cancanci tsayawa takarar Majalisar Wakilai, ga Kwamishina kuma ya cancanci shiga Majalisar Dokokin Jiha. Ta fuskar ilmi, iyakar sharaɗin shi ne karatu har matakin takardar shaidar gama sakandare, irin wadda mai wannan rubutu yake da ita. Ba a ce sai ya taɓa koyarwa ba. Malamin aji kuwa, manufar ilmi ta ƙasa ta ce mafi ƙarancin shaidarsa ita ce ta N.C.E., kuma tun 1993 akwai hukumar yi wa malamai rajista.

Ta ɓangaren shari'a lamarin daban ne. Sashe na 195 na Tsarin Mulki ya ce ba mai zama Babban Lauyan Gwamnatin Jiha sai wanda ya kai shekara goma da zama lauya, haka kuma sashe na 150 ya faɗa game da na Tarayya. Sashe na 211 ya ba shi ikon ya shigar da ƙarar laifi, ko ya karɓe wadda wani ya shigar, ko ya janye ta kafin a yanke hukunci. A ƙarƙashinsa akwai Daraktan Gabatar da Ƙararraki da lauyoyin Gwamnati, waɗanda kowannensu ya yi digirin shari'a ya kuma wuce ta Makarantar Horon Lauyoyi, wadda aka kafa a Ikko cikin 1962, take kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Jihar Bauci ta taɓa samun Gwamna daga wannan layi: Alhaji Muhammad Abdullahi Abubakar, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2019, a Ma'aikatar Shari'a ya fara aiki, har ya zama Babban Lauyan jihar a farkon shekarun 1990.

Sai dai duk wanda ya saba zama a kotun majistare ya san ba waɗannan manya ne ke fara riƙe ƙarar talaka ba. Galibi ɗan sanda ne mai gabatar da ƙara, wanda horonsa na aikin 'yan sanda ne. Idan laifin babba ne, kamar fyaɗe ko kisan kai, sai a aika da fayil Ma'aikatar Shari'a a jira shawarar lauyoyi, wanda ake tuhuma kuwa yana tsare. A wannan jiran ne shaidu kan watse, iyaye su gaji, dattawan unguwa su shiga tsakani a ce a rufa asiri. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Tarayya ta 2015 ta mai da aikin gabatar da ƙara hannun lauyoyi a kotunan da take aiki, amma a jihohi da yawa lauyoyin Gwamnati ba su kai yawan kotuna ba.

Shari'o'i biyu sun isa misali. Cikin Oktoba 2017 aka fara shari'ar ɗaruruwan waɗanda ake zargi da shiga Boko Haram a Kainji, cikin Fabrairu 2018 kuma aka ɗaure wani mutum shekara 15 saboda hannunsa a satar 'yan matan Cibok. Kusan shekara huɗu ke nan kafin a sami hukunci na farko a kan laifin da duniya duka ta ji. A Kano kuwa, an sace Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar, cikin Disamba 2021, aka kashe ta, kuma mai makarantar da take karatu aka kama da laifin. Babban Lauyan jihar da kansa ya jagoranci ƙarar, cikin Yuli 2022 Babbar Kotu ta yanke hukuncin kisa. Wannan ya nuna cewa idan manya suka sa hannu shari'a takan yi sauri. Ya kuma nuna cewa haɗarin ɗan makaranta ba daga daji kaɗai yake zuwa ba, wani lokaci yana cikin harabar makarantar.

Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar tsaron makarantu ta birnin Oslo cikin 2015, Shugaba Buhari ya sa mata hannu cikin 2019, aka kuma yi babban taronta a Abuja cikin 2021. A ƙarshen 2022 aka ƙaddamar da shirin kashe Naira biliyan 144.8 kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. A nan Bauci, Gwamna Bala Muhammad ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin jama'a cikin 2020, da dokar kare yara a ƙarshen 2023.

Inda gizo ke saƙa shi ne, kowane ɓangare ya ƙware a nasa, bai san na ɗan'uwansa ba. An koya wa firinsifal tsara darasi da riƙe rajista, ba a koya masa abin da zai yi a sa'a ta farko idan yarinya ta zo tana kuka ba: ya kai ta asibiti kafin a wanke shaida, ya rubuta abin da ta faɗa, ya sanar da hukuma ko da sunan makarantarsa zai ɓaci. An koya wa lauya dokar shaida, ba a koya masa yadda ake tambayar ɗan shekara takwas ba tare da an firgita shi ba. Sau da yawa ranar da suka fara haɗuwa ita ce ranar da ɓarna ta riga ta auku, alhali Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka yana da kyau kwalejojin horon malamai, irin ta Aminu Saleh da ke Azare, su sa darasin kare yara da fitar da ɗalibai lokacin haɗari cikin karatunsu. Ma'aikatar Shari'a ta ware lauyoyi na musamman don ƙararrakin da suka shafi 'yan makaranta, kowane firinsifal ya san sunansu. 'Yan Majalisa kuma, idan an kawo musu wanda za a ba Ma'aikatar Ilmi, su tambaye shi makarantun kwana nawa ne ke da katanga, kuma wa hedimasta zai kira da tsakar dare.

Rufe makaranta yakan ceci rai na ɗan lokaci, amma yaron ƙauye da ya koma gida, musamman 'ya mace, ba lalle ne ya komo aji ba. Uban da ya miƙa ɗansa ga Gwamnati yana da haƙƙin sanin hannun da ya karɓe shi. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya ba masu riƙe da amanarsu ikon sauke ta.