Ciwon Gaɓɓai Da Rundunar Jiki Ke Haddasawa

Ciwon gaɓɓai iri-iri ne, ko da yake a ƙasar Makoda da Dambatta akan haɗa su da suna ɗaya, sanyin ƙashi. Akwai na tsufa da wahalar fartanya, mai kama gwiwa da kwankwaso. Akwai kuma wanda ya fi kama mata, ya kumbura yatsun dama da na hagu tare, mai shi ya wayi gari hannu a sandare, ya yi sa'a guda bai iya riƙe buta ba. Wannan ba sanyi ya kawo shi ba. Rundunar da Allah ya halitta cikin jini domin yaƙar cuta, ita ce ta juyo kan gidanta.

Ga yadda ake tsawata wa rundunar nan. Idan ƙwayar halitta ta ji rauni, takan zubar da wani sinadari, ATP, wanda yake tamkar kuwwa: mayaƙa su taru, wurin ya kumbura. To, a bisa fatar waɗansu ƙwayoyi akwai masu sarrafa sinadari guda biyu, CD39 da CD73. Na fari ya gutsure ATP, na biyu ya ƙarasa, ya mai da shi adenosin, mai sa mayaƙa su mayar da takobi kube. Watau abin da ya tara yaƙi shi ake juyawa ya zama manzon sulhu. A 2007 aka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin da ke hana runduna wuce gona da iri, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995, suna ɗauke da su biyun.

Maganin da likitoci ke farawa da shi, methotrexate, ɗaya daga hanyoyin aikinsa ke nan, yawaita adenosin. A 2015 masu bincike a Birazil suka ga ya fi ƙin ci ga waɗanda CD39 ya ƙaranta a ƙwayoyinsu.

'Yan kasuwa masu sayar da ƙwaya su lura: maganin kashe zafi yana kwantar da raɗaɗi, alhali yatsu na ci gaba da lanƙwashewa. Methotrexate kuwa sau ɗaya ake sha a mako, shansa kullum yana kisa, mai ciki ba ta sha, kuma sai da awon jini lokaci lokaci, irin wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.