Labarin Gano Mai Kisa da Tarbiyyar Zato

A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin tuffa uku. Wani masunci ya jawo akwati a kulle daga kogin Dijla, Halifa Haruna Rashid ya saya, da aka buɗe sai ga gawar wata matashiya. Halifa ya ba waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya yi kisan, ko a kashe shi a madadinsa. Ashe mijinta ne. Ta yi rashin lafiya ta yi marmarin tuffa, ya yi tattaki har Basra ya sayo mata guda uku. Bayan haka ya ga wani bawa riƙe da tuffa, da ya tambaye shi sai ya ce farkarsa ce ta ba shi, wadda mijinta ya sayo mata daga Basra. Ya koma gida ya tarar saura biyu, ya yanka ta. Sai da ya jefa akwatin a kogi ya dawo, ya iske ɗansa yana kuka. Yaron ne ya ɗauki tuffar, bawan ya ƙwace a hannunsa, kuma a bakin yaron ya ji zancen Basra.

Mijin nan yana da abin da ya gani da idonsa, yana da maganar da ya ji da kunnensa, lissafin tuffa ma ya ba shi gaskiya, duk da haka ya zubar da jinin wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. A kan wannan rami da ke tsakanin alama da gaskiya aka gina labaran gano mai kisa, shi ya sa nake ganin ya kamata mu san ƙa'idojinsu ko da ba mu da sha'awar ƙagaggun labarai.

Salon da aka sani yau ya soma ne da Edgar Allan Poe na Amurka, wanda a 1841 ya rubuta labarin kisa a cikin ɗakin da aka kulle ta ciki. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887, Agatha Christie ta buga littafinta na farko a 1920. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya ƙirƙiri mai bincike Bwana Msa da harshen Suwahili a 1960. A wajenmu akwai littattafan da suka shiga duniyar masu laifi, irin su Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, dukansu na 1982, sai dai can ba ɓoye mai laifi ne ƙashin bayan labarin ba.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ana farawa da gawa. Sai a taƙaita waɗanda ake zargi zuwa mutane kaɗan da ke wuri guda, gida ko jirgin ƙasa ko tsibiri ko ƙauye. Mai bincike yakan zo da aboki mai saurin yanke hukunci, wanda ke faɗin abin da mai karatu ke rayawa a ransa, kuma yawanci kuskure ne. A kan kowane mutum ana yin tambaya uku: me zai samu in mamacin ya mutu, yana da hanyar aikata kisan, kuma ina yake a lokacin? Sai ukun sun haɗu a kan mutum ɗaya sannan a tara kowa a warware zance.

A nan nake so mutanenmu su tsaya. A ƙauyukan ƙaramar hukumar Dutsi, daga garin har Shargalle, kowa ya san kowa, an san wanda ake bi bashi da wanda aka hana wa aure. Ƙauye irin wannan shi ne ainihin rufaffen wurin da marubuta ke so, har Christie ta zaunar da tsohuwa mai bincike, Miss Marple, a wani ƙauyen Ingila. In aka tsinci gawa a gona, kafin rana ta take sunaye sun fito: wanda suka yi rigimar iyaka da shi bara, makiyayin da shanunsa suka taɓa shiga gonar, kishiya, baƙon da ya kwana a masallaci. Duk waɗannan amsar tambaya ta farko ce kawai, wasu ma ba su kai nan ba. Mutum na iya ƙin mamaci ƙi mai tsanani, alhali lokacin da abin ya faru yana kasuwar Mai'aduwa a gaban mutane.

Marubuta suna da wata dabara da ba ta rabuwa da littattafansu, wato alamar ruɗi: abu na gaskiya da ke nuna mutumin da ba shi ba ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Suratu Yusuf an kawo riga da jinin ƙarya don a ɗora wa kerkeci, daga baya kuma wata rigar da aka yaga ta baya ce ta wanke Annabi Yusufu. A rayuwa alamar ruɗi tana cin rai. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanya daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Bindigogin gaskiya ne, fassarar da aka yi musu ce ƙarya. Wanda wannan kisa ya ƙona wa zuciya, bai kamata ya ɗauki sanda a garinsu don an yi ihun ɓarawo ba.

Kishiyar alamar ruɗi ita ce mai laifin da ba wanda ya kawo a ransa. Wasu na cewa ƙirƙirar marubuta ce. Amma wata yarinya 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a Disambar 2021, mai makarantar da take zuwa ne ya kashe ta, kuma babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Duk lokacin da jama'a suka rufar wa wanda ya fi sauƙin zargi, sun ba ainihin mai laifin mafaka.

A 1929 wani limamin Katolika a Ingila, Ronald Knox, ya tsara wa marubutan wannan fanni dokoki goma. Biyu daga ciki sun fi jan hankalina. Ta ɗaya, ba a yarda a warware kisa ta hanyar aljanu ko tsafi ba. Ta biyu, duk alamar da mai bincike ya samu dole ya nuna wa mai karatu. Ma'anar duka biyun ita ce hujja sai wadda wani zai iya dubawa ya gamsu. Abin da boka ko mai duba ya ce ya hango a ƙasa ko a ƙwaryar ruwa ba wanda zai iya binsa ya tabbatar, kuma ta wannan ƙofa ake jefa tsofaffin mata da zargin maita, ake raba zumuncin da ba ya sake ɗinkuwa. Shari'a ta ɗora nauyin kawo hujja a kan mai da'awa, Suratul Hujurat kuma ta umarce mu da tantance labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci.

Akwai inda littafi ya saɓa da rayuwa. A shafin ƙarshe komai yakan fito fili, a zahiri kuwa bincike na iya ɗaukar watanni, wani ma ya tsaya, kuma yakan tsaya ne saboda abin da aka ɓata a sa'o'in farko. Magabatanmu masu bin sawun shanun sata sun san taron jama'a na shafe sawu. To haka yake a wurin da aka yi kisa. Kada a yi cincirindo a kan gawa, kada a ɗauki wuƙa ko sanda ko wayar da aka gani a yi ta miƙa wa juna. A sanar da mai unguwa ko dagaci, a kai rahoto ofishin 'yan sanda nan take. Gaggauta suturta mamaci abu ne mai kyau, amma in mutuwar akwai shakka, a bari jami'ai da likita su gani kafin wanka, domin ruwa na tafiya da shaidar da marayunsa za su buƙata a kotu.

Kada a saka hoton kowa a WhatsApp ko Facebook da sunan shi ne ya yi. In an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa, don a bakinsa ake jin ko akwai wasu. Wanda kuma aka kira ba da shaida, ya ware abin da ya gani da kansa daga abin da ya ji a majalisa, ya faɗi lokaci da wuri iya saninsa, in an tambaye shi abin da bai gani ba ya ce bai gani ba.