Hawan Keke da Doguwar Tafiya a Ƙasa a Yankin Boɗinga da Shagari: Amfaninsu da Yadda Za Ka Kiyaye Lafiyarka

Idan likita ya ce maka ka riƙa motsa jiki saboda hawan jini, ciwon suga ko ƙiba, ba sai ka nemi ɗakin motsa jiki a birnin Sakkwato ba. Keken da ke jingine a zaure da ƙafafunka sun isa. Ƙasar Boɗinga da Shagari shimfiɗaɗɗiya ce, sai 'yan tuddan marmara nan da can, ga hanyoyin gona da na fadama. Akwai masu taka sayyada zuwa Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, akwai kuma masu hawa keke zuwa kasuwa ko bakin madatsar ruwa ta Shagari. Sai dai a nan yankin, lokacin da ka fita da ruwan da ka sha su ne ke raba tafiyar da za ta zama magani da wadda za ta kai ka gadon asibiti.

Me jikinka zai samu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 a rana har kwana biyar. Yin haka a kai a kai yana rage hawan jini, yana sa jiki ya fi amfani da sugan da ke cikin jini, yana ƙarfafa zuciya, yana kuma gyara barci. Keke ya fi sauƙi ga mai ciwon gwiwa ko mai nauyin jiki, domin sirdi ne ke ɗaukar nauyin. Tafiya a ƙasa kuwa ta fi ƙarfafa ƙashi, ita ce kuma ta fi dacewa da dattawa da mata masu juna biyu.

Ta yaya za ka san ƙarfin ya yi daidai? Gwada magana. In kana iya hira da abokin tafiya amma numfashinka ya ɗan ƙaru, kana kan daidai. In ba ka iya haɗa kalma uku ba tare da haki ba, ka sassauta. Idan ka zo hawan tudu, babu kunya ka sauka ka tura keken.

Zafin rana ne babban abin tsoro

Daga Maris zuwa Mayu zafi a jihar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Mai aikin ƙarfi cikin irin wannan rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya ko fiye cikin awa guda. Mai keke ya fi shiga haɗari ba tare da ya sani ba, saboda iska tana busar da gumin nan take, sai ya ɗauka bai yi gumi ba. Haka lamarin yake da hunturu: sanyi yana danne ƙishirwa alhali busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki.

Don haka:

- Fita bayan sallar asuba ka dawo kafin hantsi ya dubi ludayi, ko kuma ka bari sai bayan la'asar. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma lokacin inuwa ne.
- Sha kofi biyu na ruwa kafin ka fita, ka riƙa kurɓa kowane minti 15 zuwa 20.
- Duba fitsarinka. In ya yi ja kamar shayi, ko ya ragu sosai, jikinka na neman ruwa.
- In tafiyar za ta wuce awa ɗaya, ɗauki ruwan gishiri da suga. A lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, zuba ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba a cika tozo ba.
- Sa farin kaya marasa nauyi da malafa.
- In ka daɗe ba ka motsa jiki ba, ko ka dawo daga gari mai sanyi, fara da minti 10 zuwa 15. Jiki yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi.

Kada ka sha ruwan madatsa ko tafki, kada kuma ka shiga wanka ciki don ka huce. Ta nan ake kamuwa da tsargiya, mai sa fitsarin jini.

Alamomin da za su sa ka tsaya

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, murɗewar ƙafa da kasala alamu ne cewa zafi ya fara galabaitar da kai. Nemi inuwa, kwanta ka ɗaga ƙafa, sha ruwa sannu a hankali. Tafiyar ranar ta ƙare ke nan.

Idan kuwa abokin tafiyarka ya fara sambatu, ya rikice, yana tangaɗi, ya faɗi ko ya fara jijjiga, wannan bugun zafin rana ne, kuma yana kisa. A kai shi inuwa, a rage masa tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki ana yi masa fifita, a ci gaba da haka har a cikin mota. In ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. A garzaya da shi asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Ciwon ƙirji, bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, ko mutuwar ɓarin jiki su ma ba a jira da su.

Idan kana da wata lalura

*Ciwon suga:* Insulin da wasu ƙwayoyin suna iya sa suga ya faɗi yayin motsa jiki. Kada ka fita da yunwa. Riƙe dabino ko suga a aljihu. Da ka ji karkarwa, gumi mai sanyi ko gani dishi-dishi, ka ci dabino biyu ko uku ka huta. Sa rufaffen takalmi, ka duba tafin ƙafarka bayan ka dawo, domin ƙaya na iya sukar ka ba ka ji ba.

*Hawan jini:* Ci gaba da shan maganinka. In an auna ka jinin ya kai 180 bisa 110, kada ka fara sai ka ga likita. Magungunan da ke sa yawan fitsari suna ƙara saurin bushewar jiki.

*Sikila:* Ƙarancin ruwa, gajiya da sanyin asubar hunturu duk suna tayar da ciwon. Gajeriyar tafiya a hankali ita ce taka.

*Asma:* Ƙurar hunturu na tayar da ita. Rufe hanci, ka fita da abin shaƙarka.

*Ciwon zuciya ko ƙoda:* Kada ka bi ƙa'idar shan ruwa da gishiri da muka faɗa a sama sai da izinin likitanka.

Da azumi, mayar da motsa jiki bayan buɗa baki. Ka guji shan Tramadol don ƙarin ƙarfi, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ibuprofen da Diclofenac kuma suna iya illata ƙoda idan jiki ya bushe.

Hanya da keken kansa

Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega cike take da tireloli da motocin haya. Mai keke ya bi gefen dama, mai tafiya a ƙasa ya fuskanci motocin da ke tahowa. Kada ka hau ta da duhu ba fitila. Hular kwano ba ta 'yan kabu-kabu kaɗai ba ce, buguwar kai ita ce raunin da ya fi kashe masu keke.

Gwada birki da iskar taya kafin ka tashi. Daidaita sirdi yadda gwiwarka za ta ɗan tanƙwara kaɗan idan feda ta kai ƙasa. Sirdin da ya yi ƙasa da yawa shi ke kawo ciwon gwiwa. Masu dogayen kaya su tattare su kada kaca ta kama.

A hanyoyin gona, musamman da damina da kaka, ka lura da macizai irin su kububuwa. In sara ya auku, kada a tsaga, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a tafi asibiti.

Kada ka shiga daji kai kaɗai. Ku fita ku biyu ko uku, ku faɗa wa mutanen gida inda kuka nufa da lokacin dawowa, waya kuma da caji. Idan shekarunka sun haura 40 kuma ka daɗe ba ka motsa jiki ba, je a auna jininka da suganka a wannan makon, sannan ka fara.