Iskar Gabas: Yadda Za Ka Gane Ta Kafin Ta Yaye Rufin Gidanka

Idan a ƙauye ka tashi, ka san irin yammacin nan na ƙarshen bazara. Zafi ya ishi kowa, ganye ko motsi ba ya yi, sai gabas ta haɗa baƙi ƙirin, ƙasanta ja da ƙura. Kafin uwargida ta gama kwashe shanya, iska ta iso. Washegari ana tsintar kwanon rufi a gonar maƙwabci, rumbu a kife, yashi ya binne geron da bai daɗe da tsirowa ba.

Iska biyu ke karɓa-karɓa a ƙasar Hausa. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu ta hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Ita ke taimakon mata wajen sheƙa, ita ce kuma ke mayar da ɗan garwashi gobara. Daga Afrilu zuwa Mayu sai ta kudu maso yamma ta fara shigowa da danshin teku, wanda zafin rana ke ɗagawa sama ya zama hadari.

To me ya sa hadarin ke fitowa ta gabas? Can sama akwai wata iskar da ke tura shi yamma, da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Wadda ke riga ruwa isowa kuwa, iska ce mai sanyi da ke faɗowa daga cikin gajimare ta bazu a ƙasa. A farkon damina gonaki fayau suke, babu abin da zai tare ta. Hadarin da ka hango a nisan kilomita 15 zai iya cim maka cikin minti 20.

Hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kuma na yau da kullum. Ka riƙa bibiya ta rediyo ko waya. Sai dai tashoshin awo galibi a birane da filayen jiragen sama suke, kamar Kano da Sakkwato da Maiduguri. Za su iya gaya maka yau akwai yiwuwar hadari a yankinku, amma sanin ko ƙauyenku zai bi, aikin idonka ne.

Idan wayarka na nuna gudun iska, ga ma'auni: kilomita 20 a awa tana ta da ƙura, 40 tana kaɗa manyan rassa, 60 zuwa 70 tana karya ƙanana, daga 75 kuwa rufi ya fara shiga haɗari. Ka fi kula da lambar bugun farat ɗaya, domin ita ke ɓarna. Idan walƙiya ta haska, ƙirga daƙiƙu kafin ka ji tsawa: kowane 3 kilomita ɗaya ne.

Da zarar gabas ta haɗa, a shigo da yara, a kashe murhu, a kwance dabbobin da ke ɗaure gindin bishiya, kowa ya nisanci tsohuwar katanga. Babban aikin kuwa tun a Maris ake yin sa: maigida ya hau ya duba ƙusoshin kwano, ya canja katakon da gara ta ci, ya ƙara ɗaure jinka, a kuma sassabe rassan da suka rufa kan ɗaki.

Maganin dindindin shi ne itace. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar, tun 1975 aka fara dasa layukan darbejiya don tare iska a gonaki. Ku ma za ku iya farawa da layi ɗaya a gabashin gari, nesa kaɗan da gidaje.

A garinku, da wace alama dattawa ke gane hadari mai iska? Ku rubuto mana a ƙasa, wani ya ƙaru.